Biyar a Raba da Sifili

Zuwa ga Goggo Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Babana ya ce da ya leƙa ki ya tarar kina yi wa matakalar ƙofa faɗa, wai ita ce ta ƙara tsawo. Mu lafiya lau. Surukarki tana gaisuwa, cikin ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmina take sawa.

Na san in na kira ki a waya "me ka ce?" za mu yi ta yi, shi ya sa na ba direban motar garinku wannan takarda. Ke da babana kakanni kawai kuka haɗa, amma ke kika riƙe ni duk shekarun sakandare, a hannunki kuma na koyi lissafi. Ba ni da wanda zan kai wa wannan magana sai ke.

Goggo, raina a ɓace yake. A makarantar nan malami ba ya duba takardun ajinsa. Ana tara takardun jarrabawa a dogon teburin ɗakin malamai, a cakuɗa, kowa ya ɗebi kasonsa. Shugaban sashen lissafi, wanda yara ke kira Jan Biro, sai ya manna takardar amsoshi a bango, wadda ya rubuta da hannunsa. Abin da ke jikinta shi ne amsa, babu ƙari babu ragi.

To, tambaya ta shida ta zo: a nemo ikweshan ɗin layin da ya ratsa ɗigo (3, 2) da ɗigo (3, 7). Yaran ajina suka yi yadda kika koya mini, suka fara zanawa, suka ga layi a tsaye, suka rubuta x = 3. Ina ɗaga kai na duba bango, sai na ga wai gangaren layin biyar ne a raba da sifili, wai ya ba da sifili, saboda haka amsa y = 2. Sauran azuzuwan da littafinsa ake koya musu, duk haka suka rubuta, suka kwashe maki goma. Nawa aka zabga musu sifili.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai kuskure a lamba ta shida." Jan Biro ya sauke tabarau ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaushe ka zo? Tun kafin a haife ka ikweshan ɗin layi da y yake farawa." Aka yi dariya. Wani malami ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Yanzu ajina ne na ƙarshe a sakamako. Jan Biro ya ce sai na rubuta cewa ni na koyar ba daidai ba, na kuma yi wa yara gyara a allo. Kin san har yanzu malamin gwaji ne ni, sai da sa hannunsa za a tabbatar da ni, kuma ɗakin da muke ciki na makaranta ne.

Ki gaya mini, ko ni ne na rikice? Me zan yi?

Ɗanki,
Ci-alli

*

Ci-alli,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, kuma ka ce wa babanka ya rage surutu. Ka ce wa yarinyar nan ta riƙa ɗora ƙafafu a kan matashi, ta rage gishiri.

Kafin na zo kan Jan Biro, kai zan fara yi wa. "Ko ni ne na rikice?" Ni kake tambaya haka? Tun kana satar allina kana taunewa nake fama da kai, yau mutum ya sauke maka tabarau sau ɗaya har ka fara shakkar idonka? Kai, ka ba ni haushi!

Ɗauko takarda. Mene ne gangaren layi? Hawan da ya yi, a raba da tafiyar da ya yi gefe. Daga biyu zuwa bakwai ya hau biyar. Daga uku zuwa uku fa, ina ya je? Ko'ina. In sifili ne a sama, amsa sifili ce, layi yana kwance kamar tabarma. In sifili ne a ƙasa, babu amsa ko kaɗan, domin babu lambar da za ka ninka da sifili ta ba ka biyar. Wannan gangare ba a iya faɗinsa, kuma abin da ba a iya faɗa ba a cusa shi cikin y = mx + c don dole. Sai ka koma ka tambayi ɗigogin: me kuka haɗa? Kowane ɗigo a layin nan, sama ko ƙasa, x ɗinsa uku ne. Shi ke nan, x = 3. Yaranka sun yi daidai.

Shi kuma wancan bawan Allah, y = 2 ɗinsa ko ɗigo na biyu bai taɓa ba! Shekara nawa yana ɗura wa 'ya'yan mutane wannan? Wallahi da na karanta sai da na ajiye shayina ya huce. Kuma ɗaki cike da malamai, babu mai bakin magana sai mai taka ƙafa. Tir!

Amma kai ma ka yi wauta. Mutum ya haife ka, ka miƙe a gaban waɗanda yake shugabanta ka ce ya yi kuskure, me kake jira ya ce? Na gode? Ka toshe masa hanyar komawa. Ka je ka same shi shi kaɗai a ofis, ka sauke kai, ka ba shi haƙuri. Kada girman kai ya raba ka da aikinka kana da mai ciki a ɗaki. Sauran kuma kai ba yaro ba ne, ka san abin da ya kamata.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo Malama,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Surukarki ta bi maganarki, kumburin ya ragu, amma tana ƙorafin miya ba daɗi.

Na gode, Goggo. Na yi yadda kika ce. Na same shi a ofis, na rusuna, na ba shi haƙuri. Ashe mutumin yana dariya! Har kujera ya ba ni, ya ce shi ma ya yi zafin kai yana matashi. Ya miƙo mini takarda na rubuta cewa kuskuren koyarwa daga gare ni ne, na sa hannu. Na tuna kin ce kada girman kai ya raba ni da aikina, sai na daure.

Washegari na yi gyaran a allo. Na rubuta biyar a raba da sifili ya ba da sifili, na rubuta y = 2, na ce su kwafa. Ba zan ɓoye miki ba, allin ya yi mini nauyi. Wata yarinya da ke zama kusa da taga ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina ɗigo na sama zai zauna?" Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Suka kwafa.

Amma dai ƙura ta lafa. Jan Biro yana amsa gaisuwata har da tambayar iyali. Na san ba daidai ba ne, kin kuma tabbatar mini, sai dai na fahimci nufinki: a bar shi a ciki, a ci gaba da aiki. Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Ci-alli

*

Zuwa ga Goggo Malama,

Ina gaisuwa. Shiru ya yi yawa, har hankalina ya tashi. Ko jikin ne? Na je tasha neman direba ban gan shi ba. Mu dai lafiya, an ce haihuwa ta kusa.

Labari mai daɗi: an sa ranar da za a zo duba koyarwata, daga nan sai tabbatarwa. Shugabar makaranta da Jan Biro za su zauna a bayan aji. Shi ya zaɓi darasin, wai layi miƙaƙƙe, don Shugaba ta ga na gyaru. Na shirya misalai na layuka masu karkata zalla, ba zan je kusa da waccan tambayar ba.

Abu ɗaya ke damuna. Yaran sun daina zane kafin lissafi. In na ce su fito da rula sai su dubi juna. Wataƙila gajiyar zango ce.

Ki sa mini albarka, ko layi biyu ne ki aiko.

Ɗanki,
Ci-alli

*

Kai Ci-alli,

Lafiyata ƙalau, ko in ce da lafiyata ƙalau kafin takardarka ta godiya ta iso. Ina gaida surukata, ita ba ruwanta.

Innalillahi! Ni kake yi wa godiya? Ni na ce ka tsaya gaban allo ka rubuta biyar a raba da sifili sifili ne? A wane layi na faɗi haka? Ɗauko takardata ka sake karantawa, in idonka ya lalace ka ba matarka ta karanta maka. Haƙurin da na ce ka bayar na tsayuwar da ka yi ne a gaban mutane. Na ce sauran ka san abin da ya kamata, ina nufin ka shimfiɗa masa takarda a tebur, ku biyu, ƙofa a rufe, ka ce, "Ranka ya daɗe, taimaka mini mu zana." Ya gani da idonsa, ya gyara da hannunsa, mutuncinsa bai zube ba. Kai kuwa sai ka tsinci kalma ɗaya da ta yi maka daɗi, ka rufe ido ga bayanin da na cika shafi da shi.

Kuma har kana ba ni labari! "Na ce ta zauna." Yarinya ta yi tambayar da malamai cike da ɗaki suka kasa yi, ka ce ta zauna. Jan Biro bai sani ba ne, nasa jahilci ne, Allah ya shirye shi. Kai ka sani. Yara sun yi daidai an zalunce su, suna jiran malaminsu ya tsaya musu, sai ya zo ya sa su rubuta ƙarya da hannunsu. Ka san abin da ka koya musu ranar? Cewa abin da idonsu ya gani ba shi da amfani in babba ya ce a'a. Wannan ba ya gogewa da tsumman allo.

Na yi shekaru ina koyarwa, na yi kuskure a allo ba adadi, ban taɓa rubuta abin da na san ƙarya ne ba. Kada ka kuskura ka ce wa kowa Goggo ce ta ba ka wannan shawara.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Takardarki ta maƙale a motar direba a garejin bakanike, sai jiya ta iso, duk ta sha baƙin mai. Ina ta murna ina neman albarka, ashe wankin babban bargo ke tafe. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Ki yi haƙuri, yau zan yi magana. Kin ce in ɗauko takardarki, na ɗauko. "Ka sauke kai." "Kada girman kai ya raba ka da aikinka." Rubutunki ne ko ba naki ba? In zane kike so mu yi da shi, me ya hana ki rubuta "ku zana"? Kika bar ni da "ka san abin da ya kamata", ni da na rubuto miki don ban sani ba!

Kuma abin da sauƙi a wurinki. Kina zaune a gidanki, babu mai korarki. Ni fa? In aka sallame ni, mako nawa za a ba ni in kwashe kaya? In kai mai ciki ina, ƙarƙashin allo? Kin san yadda na sha yawo da takarduna kafin na samu wannan gurbi, har takalmina ya huje. A kan tambaya ɗaya, Goggo, maki goma!

Kina tsammani ban ji ciwo ba? Yarinyar nan ta taga ba ta ƙara ɗaga hannu ba. In na shigo sai ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. Ni nake ganin wannan kullum, ba ke ba. Ba sai kin aiko mini da zagi daga nesa ba.

Ranar dubawa ta matso. Zan yi darasina in wuce.

Ci-alli

*

Ci-alli,

Na ga takardarka. Ashe kana da baki, sai a kaina yake buɗewa. Lafiyata lau.

Ba zan janye ko kalma ɗaya a kan allon nan ba. Amma ba zan sake ce maka yi kaza ba, tunda kai za ka tsaya a ajin, ba ni ba. Maganar inda za ka kai mai ciki kuwa, wannan rainin hankali ne. Ɗakin da ka yi sakandare a ciki ya rushe ne? Yana nan, tarkace ne kawai a ciki. Ban ce ka jefar da aikinka ba, ka ji ni da kyau. Na ce ne kada ka ƙara gaya mini ba ka da wurin zuwa ina raye.

Ka gaishe ta. Allah ya sauke ta lafiya.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Surukarki tana nan, yau ko gobe. Ki gafarce ni kan zafin takardata ta baya.

An yi dubawar. Shugaba da Jan Biro suka matse a bencin baya. Na yi misalaina masu karkata, komai na tafiya sumul, har Shugaba tana gyaɗa kai. Saura kaɗan a buga ƙararrawa sai Jan Biro ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, yi musu lamba ta shida mana, Shugaba ta gani."

Wallahi, Goggo, niyyata in yi masa yadda yake so. Na rubuta ɗigogin biyu, na juya na ce, "Mene ne amsa?" Sai ajin gaba ɗaya, da murya ɗaya kamar masu haddar karatu, suka ce, "y daidai da biyu!" Har da ita ta taga. Ba allon suke kallo ba, fuskata suke kallo, su ga ko sun faɗi abin da zai fisshe ni. Yara suna yi mini ƙarya don su rufa mini asiri!

Na ɗauki babbar rula na ja layin ta kan ɗigogin biyu. Na ja y = 2 a kwance. Na ce, "Ku duba allo, ku bar kallona. Wanne ne ya ratsa duka biyun?" Na sake tambaya. Can wani ya ce, "Na tsaye." Na ce, "Amsarku ta jarrabawa ita ce daidai, x = 3. Gyaran da na sa ku kwafa ƙarya ne, ku soke shi." Sai ka ji ƙarar biro ta ko'ina. Ban dubi bencin baya ba.

A ofis Shugaba ta ce ita tarihi ta karanta, ba ruwanta da x da y. Ta zaro takardar da na sa wa hannu ta ajiye a gabana. Ta ce, "Wannan ba kai ka rubuta ba? Malamin da zai koyar da abu, ya rubuta cewa kuskure ne, ya dawo gaban baƙi ya ce ba kuskure ba ne, yaya zan tabbatar da shi?" Jan Biro yana gefe yana duban silin.

Ba a tabbatar da ni ba. An ce in miƙa makullin ɗaki ƙarshen wata.

An mayar wa yarana makinsu, a ɓoye, wai kuskuren mai buga takarda ne. Takardar da aka rubuta da hannu! Jan Biro ya karɓi ajin. Jiya na wuce ta bayan taga na ji shi yana cewa, "Layi in yana tsaye, gangarensa ba ya faɗuwa, sai a rubuta x daidai da kaza. Ku kula sosai, ƙananan malamai suna yawan rikicewa a nan." Na tsaya riƙe da kwalin littattafaina, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Surukarki tana ta ninke kayan jariri tana sawa a akwati, ta fito da su, ta sake ninkewa. Na fi son ta yi faɗa.

Ɗanki,
Ci-alli

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, gwiwa ma ta yi aiki yau, ni da ita muka fitar da tarkacen ɗakin nan.

"Ƙananan malamai suna rikicewa"! Kai, Allah ya isa! Mutum ya kwashe darasi a bencin baya kyauta, ya kori mai koyarwar. Ita kuma mai tarihi, ɗigo biyu da rula sai an yi digiri kafin a gani? Na rubuta mata takarda mai shafi uku, na yayyaga, don na san a kanka za ta huce.

Wannan karon zan faɗa ƙarara, kada ka ce na bar ka da zato. Ka yi daidai. Na so a ce bai ci maka aikinka ba, wallahi na so, na kuma yi kuka da na karanta. Amma ka yi daidai.

Na yi magana da direba, zai zo da motar babu fasinja. Ka sa matarka a gaba, ka ce masa in ya faɗa rami ɗaya da ita zai gamu da ni. In haihuwa ta riga, ku jira ta yi ƙwari, in ga wanda zai fitar da mai jego.

Ita kuma ka gaya mata cewa akwai bakina a cikin wannan abu. In tana da faɗa, kada ta yi maka, ta riƙe shi ta kawo mini nan, ina jiranta.

Goggonka